Madalla da Masu Digirin Mulki

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisun hira daga Tambuwal har Kebbe, kuma lokaci ya yi da wani zai tashi ya kare waɗanda ake zalunta da ita. Cewa ake yi wai yaron da ya tafi jami'a ya karanto kimiyyar siyasa, ko gudanar da mulki, ko tsare-tsare, bai karanto komai ba. Wai likita yana allura, injiniya yana gyara famfo, likitan dabbobi ko ba komai zai buɗe bakin saniya ya duba, amma shi wannan sai ya dawo gida da jakar hannu da Turanci. Hassada ce tsagwaronta. Ni dai ban san wani ilimi da ya yi wa ƙasar nan hidima kamar wannan ba, ban kuma san inda albarkarsa ta fito fili kamar ƙaramar hukumar Kebbe ba. Mai shakka ya biyo ni a hankali.

A fara da ƙarfin zuciyar da karatun yake ginawa. Tun a shekarar farko ake koya wa ɗalibi mece ce hukuma. Ana kawo masa wani Bajamushe, Max Weber, wanda ya bayyana cewa abin da ya raba hukuma da kowace irin ƙungiya shi ne ita kaɗai ce ke da halaccin amfani da ƙarfi a cikin iyakarta. Yaro ɗan ƙauyukan da ke bakin iyakar Zamfara zai zauna a zauren jarrabawa a Sakkwato, ya rubuta wannan bayani da hannu mai kyau, ya ja masa layi a ƙasa, ya ci maki cikakke. Ya fito ya kunna waya, ya kira gida ya tambaya ko hanya ta yi kyau ya zo hutu. A ce masa ya dakata tukuna, mutanen daji sun aiko, ba a gama haɗa abin da suka yanka wa gari ba. Ya ce to, Allah ya kyauta, ya koma ɗaki ya buɗe babi na gaba. Don Allah wane kwas ne zai horar da mutum ya ɗauki waɗannan abubuwa biyu a kai ɗaya, ba tare da ɗaya ya goga ɗaya ba? Likita ba zai iya ba. In littafi ya ce masa mara lafiya ya warke, ga shi kuma yana ganin ana yankan likkafani, hankalinsa tashi zai yi. Namu hankalinsu a kwance yake.

Har gata suke da shi a kan ɗaliban Ingila. Thomas Hobbes, a littafin da ya fitar a 1651, sai da ya zauna ya ƙago a zuci yadda rayuwa za ta kasance in babu hukuma: kowa na tsoron kowa, ba mai shuka da tabbacin zai girbe, rai kuma ba ya daɗewa. Ɗalibin Landan dole ya runtse ido ya yi ta faman hasko abin. Namu a aikace ake yi masa darasin, kyauta, ba a taɓa karɓar masa kuɗin ɗakin gwaji ba.

A shekara ta biyu sai a zana masa akwati a allo. Na David Easton ne, wani malami a Amurka. Kibiya ta shigo ta hagu ɗauke da buƙatun jama'a, wata ta fita ta dama ɗauke da ayyukan gwamnati, ta uku ta zagayo ta ƙasa ta koma farko. Mutanen Kebbe sun sauke nauyin kibiyar hagu tun tuni. Sun nemi hanya, sun nemi ruwa, sun nemi malaman makaranta da jami'an tsaro da magani a asibiti. Sun rubuta, sun tura dattawa, sun faɗa a rediyo. Duk ya shiga akwati. Kuma babbar shaida ce ga ingancin akwatin cewa har yau bai yi yoyo ba.

In aka zo babin wakilci kuwa, sai dai sauran Najeriya ta zo ɗaukar karatu. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ce ta tura Aminu Waziri Tambuwal majalisar wakilai a 2003, ya zauna har 2015, shekaru 4 na ƙarshe yana shugaban majalisar, wato mutum na huɗu a duk ƙasar. Daga nan ya yi gwamna shekara 8, a 2023 kuma ya wuce majalisar dattawa. A ma'aunin littafi, mazaɓar da ta kai nan ta gama samun duniya. Saboda haka duk ɗan Kebbe da ya ce shi bai gani a ƙasa ba, rashin karatu ke damun sa, ya nemi mai digiri ya yi masa bayani.

Ana kuma koyar da cewa kowace ƙuri'a tana da daraja, wasu suna ɗauka tatsuniya ce. Kebbe ce ta wanke malamai. A zaɓen gwamna na Maris 2019 aka ce zaɓe bai kammala ba, aka sake jefa ƙuri'a a wasu rumfuna ranar 23 ga wata, kuma sakamakon Kebbe ne ya zo a ƙarshe. Jiha guda ta kwana da rediyo a kunne, tana jiran wata ƙaramar hukuma da yawancin mutanen birni ba su taɓa taka ƙasarta ba. Da aka tattara, ƙuri'a 342 ce ta raba mai nasara da mai biye masa, a zaɓen da kowannensu ya haura 500,000. A makonni biyun da ke tsakanin zaɓen farko da na biyu, manyan jam'iyyun nan biyu sun haddace hanyoyin Kebbe, har da waɗanda ba su taɓa ganin kwalta ba. Tsohuwa ta isa ta dubi jerin motoci ta tambayi jikanta, "Mi munka yi anka so mu hakanga?" Shi kuma, da yake ya yi karatu, sai ya kwantar mata da hankali: wannan shi ne shigar da talaka cikin harkar mulki, kuma duk shekara 4 yake zuwa, kamar yadda doka ta tsara.

Masu nazarin halin mai zaɓe a Turai da Amurka suna shan wuya. Su yi ta tambayar mutane, su yi ta lissafi, ƙarshe su yi kuskure a gaban duniya. Mu mun sauƙaƙa wa ilimin. A zaɓen ƙananan hukumomin Sakkwato na 2021, PDP tana gidan gwamnati, ta lashe kujerun ciyaman 23 cikin 23. A na 2024, APC tana gidan gwamnati, ita ma ta lashe 23 cikin 23. Jama'a daga Sabon Birni har Kebbe suka sauya ra'ayi tare, ba wanda ya makara. Ɗan aji ɗaya ma zai iya faɗa maka sakamakon zaɓe mai zuwa tun yau, in dai ka gaya masa wanda zai kasance a gidan gwamnati. In wannan ba kimiyya ba ce, to mece ce kimiyya?

Sai sashen gudanar da mulki, wanda ya fi kwanta mini a rai. Gida ne mai asali. Tun 1947 Turawa suka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, wadda ta girma ta zama cibiyar koyon mulki ta Kongo, ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Can aka horar da ma'aikatan En'e da 'yan ƙasa na farko da suka gaji kujerun di'o. Sai dai karatun wancan zamani ƙasƙantacce ne: yadda ake riƙe littafin baitulmali, yadda ake fita rangadi, yadda ake zuwa ƙauye a leƙa rijiya a ga ko da ruwa. Aikin ƙura ne da zufa. Yanzu an ɗaukaka abin. Ɗan Kebbe ba sai ya je Zariya ba, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1975, ga jami'ar jiha tun 2009, kuma manhajar da ake bi a faɗin ƙasa ta wuce matsayin leƙen rijiya. Haddace ayyuka bakwai na shugaba ake yi, waɗanda Luther Gulick ya jera a 1937: tsarawa, shiryawa, ɗaukar ma'aikata, ba da umarni, daidaita sassa, ba da rahoto, da kasafi.

Wanda yake son ganin bakwai ɗin nan suna aiki, ya je sakatariyar kowace ƙaramar hukumar karkara ranar Talata da hantsi. Masinja na zaune a benci a baranda, ya jingine kekensa, yana yankan farce da reza. Ƙofar daraktan ma'aikata da kwaɗo, ya tafi birni mitin. Ma'aji ma ya tafi birni, shi ma mitin. Ciyaman dama can yake da iyalinsa, don a can ake ganin kwamishina. A ofishin rajista ga fayiloli nan ɗaure da zare, ƙura ta mayar da su jajaye, gara ta ci gefen na ƙasa, amma kowanne da lambarsa daidai yadda Weber ya yi wasiyya. Littafin sa hannu na zuwa aiki kuwa cike yake taf har zuwa Juma'ar da ba ta zo ba. Jahili zai ce ba a aiki. Mai ilimi ya san sunan abin: miƙa iko ga na ƙasa. An bar wa masinja komai.

Gyaran da aka yi wa ƙananan hukumomi a 1976 an yi shi ne don a kawo gwamnati kusa da jama'a, kuma an yi nasara, ga ginin nan a cikin gari, kowa yana iya taɓa bangonsa. Marigayi Ibrahim Dasuki, kafin ya zama Sarkin Musulmi, ya jagoranci kwamitin da ya sake duba tsarin a 1984, rahotonsa ma ana kawo shi a jarrabawa. Kundin tsarin mulki na 1999 kuma ya jera wa ƙaramar hukuma ayyukanta, ɗalibai suna zubo su tiryan-tiryan: kasuwa, tasha, mahauta, maƙabarta, magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, raɗa wa tituna suna, lasisin keke da amalanke da kwale-kwale, da sa hannu a harkar firamare da kiwon lafiya. Masu cewa ba a yin ko ɗaya su ji tsoron Allah. Akwai aiki guda da ba a taɓa fashin sa ba, ko ana ruwa ko ana iska. Ranar kasuwa, kafin mai tumatir ta gama shimfiɗa buhu, mai rasit ya tsaya a kanta.

Maganar kuɗi ma an tsara ta da hikima. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta. Kuɗin Kebbe ya taso daga Abuja, ya sauka Sakkwato ya huta gajiya, wanda ya rage da ƙarfin tafiya ya ƙarasa. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin aiwatarwa, watanni suka yi ta shuɗewa ana nazarin yadda za a buɗe asusu a Babban Banki. Amma kada a ce hukuncin bai yi tasiri nan take ba. Tun a zangon karatun da ya biyo baya malamai suka samu sabuwar tambaya mai maki 20.

Kada kuma wani ya zaci malaman ba su san da duk wannan ba. Sun sani, har koyar da shi suke yi. Fred Riggs ya bayyana tun 1964 irin ƙasashen da doka take zaune a takarda, aiki kuma yana can wani wuri daban. Peter Ekeh na Ibadan ya nuna a 1975 yadda mutum ɗaya yake tsoron taɓa kuɗin ƙungiyar garinsu, amma yana ganin kuɗin gwamnati ganima ce. Richard Joseph ya ƙara a 1987 da yadda ake riƙon muƙami don amfanin mai shi da danginsa da magoya bayansa. Ɗalibi ya haddace duka ukun, ya ci jarrabawa, ya samu aiki, ya aikata duka ukun bi da bi. A wane fanni ake samun irin wannan jituwa tsakanin karatu da aiki? Injiniyoyi nawa ne suka taɓa gina gadar da suka zana a aji?

Tsare-tsare kuwa, nan ne muka yi wa duniya fintinkau. Mun yi tsarin raya ƙasa na 1962, da na 1970, da na 1975, da na 1981. Mun yi shirin gyaran tattalin arziki na 1986 wanda tsofaffi har yau ba su manta ɗacinsa ba. Mun yi burin 2010. A 2004 aka kawo shirin NEEDS, jihohi suka samu nasu, ƙananan hukumomi ma aka ce su rubuta nasu. Sai burin 2020, sai shirin farfaɗowa na 2017, sai tsarin 2021 zuwa 2025. Babu ɗaya da ya taɓa faɗuwa, domin kafin ranar hisabinsa ta zo an haifa masa ƙane, an yi suna, jama'a sun koma can cin tuwo. Burin 2020 shi ne Najeriya ta shiga sahun ƙasashe 20 mafiya ƙarfin arziki. Da shekarar ta iso ta same mu ba mu kintsa ba, sai aka sa sabon wa'adi, 2050, lokacin da duk wanda ya sa hannu ko dai ya riga mu gidan gaskiya ko kuma tsufa ya hana a tambaye shi. Hangen nesa ke nan.

Darasin farko a wannan fanni shi ne ka san yawan mutanen da za ka tsara wa. Ƙidayar 2006 ta ce mutum 124,658 ne a Kebbe, a faɗin ƙasa murabba'in kilomita 2,618. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ɗage ta aka yi. Jaririn da aka haifa a makon waccan ƙidaya yanzu ya isa jefa ƙuri'a, in mace ce wataƙila da goyo a bayanta. Amma mai ilimi ba ya buƙatar ganin mutane da ido. Zai ɗauki adadin 2006 ya ninka da wani kaso a kwamfuta, jama'a su fito cif-cif har da ɗigo. Lissafin ba ya tambayar wa ya gudu Tambuwal, wa ya koma Jega, wane ƙauye ne ya zama kufai, gonar wa ta kwana biyu ba ta ga fartanya ba. A cikin kwamfuta kowa yana gidansa, yana hayayyafa cikin kwanciyar hankali.

A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa, jihar Sakkwato ta zo ta ɗaya, mutum 9 cikin kowane 10. Wasu suka ji kunya. Ni ban ga dalili ba. A da talauci kawai muke yi a duhu, ba mu san fuskokinsa nawa ba. Yanzu an auna shi, an zana shi da launi, an gabatar da shi a Abuja a ɗaki mai sanyi. Wa ya yi wannan aiki in ba masu digiri ba?

Abin takaicin ɗaya ne, kuma dole a faɗe shi: an samu 'yan kutse a sana'ar, waɗanda ko takardar firamare ba su da ita. Mutanen daji sun san gida nawa ne a kowane ƙauye, wa ke da shanu, ɗan wa ke aiki a birni, yaushe gero ke nuna. Su yanka haraji gwargwadon ƙarfin gari, su sa wa'adi, su karɓa a kan lokaci, su hukunta wanda ya saɓa. Ga ƙidaya, ga kiyasi, ga tattarawa, ga bibiya, duk abin da ke cikin littafi. Amma kada a ruɗu da su. Ba su san Gulick ba, ba su da tsarin nazari, ba su taɓa miƙa rahoton wata uku ba. A ilimance, abin da suke yi ba mulki ba ne, saboda haka babu buƙatar a gyara ko layi ɗaya a takardun lacca.

In ana son misalin tsari na kusa da gida, ga Bakolori can wajen Talata Mafara, tun tana cikin tsohuwar jihar Sakkwato. An zana madatsar ruwa da taswira da ƙwararru daga ƙasar waje, manoman da aikin ya ci gonakinsu suka tare hanya suna neman diyya, a 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane da dama. Irin wannan labari ɓata wa ɗalibi rai kawai yake yi. Gara a ba shi na kwarin Tenesi a Amurka, inda ba shi da dangi.

Kambin karatun duka shi ne kundin kammala digiri, kuma nan ne ya kamata mai karatu ya cire hula. Taken kundin sananne ne: rawar da ƙaramar hukuma ke takawa wajen raya karkara, nazari a kan Kebbe. Bara an yi shi a kan Tambuwal, bara waccan a kan Yabo. Mai kwamfuta a bakin ƙofar makaranta zai sauya sunan garin daga shafin farko zuwa na ƙarshe kafin shayinka ya huce. Sai a buga takardar tambayoyi guda 100. Zuwa Kebbe akwai kuɗin mota, akwai kuma maganar hanya. Sai ɗalibi ya tara abokai huɗu a gindin dogonyaro bayan ɗakunan kwana, ya sayo biro kala uku da ruwan leda, su zama al'ummar Kebbe. Wannan ya zama manomi ɗan shekara 50. Wancan ya zama matar aure mai 'ya'ya shida. Na uku ya mayar da biro hannun hagu don rubutun ya yi kama da na wanda bai yi nisa a boko ba. Sun amince ƙwarai, sun amince, ba su amince ba. A ware guda 8 a ce ba su dawo ba, don abin ya yi kama da gaskiya. Kafin kiran la'asar ra'ayin jama'a ya kammala. Ka ce wannan ba horo ba ne? Yaron da ya iya wannan, ranar da aka damƙa masa takardar sakamakon zaɓe ko rajistar masu karɓar tallafi, ba sai an koya masa komai ba.

Babi na biyar shawarwari ne, kowace tana farawa da "ya kamata gwamnati". Ya kamata ta samar, ya kamata ta inganta, ya kamata ta wayar da kai. A yi wa kundi bango mai kauri da rubutun ruwan zinare, a ajiye ɗaya a sashe, ɗaya a laburare, ɗaya a kai gida a miƙa wa tsoho. Ya juya shi a hannu, ya ji nauyinsa, ya ce Allah shi yi albarka, ya sa a adana shi a ƙasan akwati tare da takardar gona. Kansila ba zai karanta ba, ciyaman bai san an yi ba, kuma hakan rufin asiri ne ga kowa da kowa.

Malaman da ke duba waɗannan kundaye, kowanne da ɗalibai gommai a wuyansa da albashin da ba ya kai tsakiyar wata, su ma gwamnati ba ta bar su a baya ba wajen ba da darasi a aikace. Yajin aikin 2020 ya ci wata 9, na 2022 ya ci wata 8. Digirin shekara 4 ya miƙe ya doshi 6, ɗalibi ya fito ya ƙware a babban ginshiƙin aikin gwamnati, wato jira.

Hikimar manhaja ba a abin da ta ƙunsa kaɗai take ba, har da abin da ta taɓa da yatsa ɗaya ta wuce. Ƙasar nan da muke magana a kanta ba baƙuwar rubutu a kan mulki ba ce. Tambuwal kanta ɗan Shehu, Muhammadu Buhari, aka ba riƙonta. Shehu Usmanu ya rubuta Kitabul Farƙi, inda ya lissafa halayen mulkin da ya yaƙa, cikinsu har da harajin da shari'a ba ta san da shi ba, da gaisuwar da ake kai wa masu iko, da ɗibar kayan mutane a kasuwa. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta wa mutanen Kano Liya'ul Hukkami. Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje, sarkin Katsina, Usulus Siyasa, ya ɗora wa shugaba nauyin kula da manoma da maƙera da sauran masu sana'a, da gyaran kasuwanni da hanyoyi da gadoji. Haɗarin waɗannan littattafai shi ne a fili suke magana. In yaro ya karanta wa kakansa Weber, tsoho gyangyaɗi zai yi. In ya karanta masa jerin da Shehu ya yi, tsoho zai gyara zama ya fara kiran sunaye. Saboda haka daidai ne a bar nauyinsu a kan sashen Larabci da na tarihi, a riƙa tunawa da su ranar babbar lacca, manyan baƙi su gyaɗa kai, a raba lemo a watse.

An taɓa samun malamai a Zariya da suka kasa gane wannan ladabi. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman da ire-irensa sunaye da alƙaluma suke ambata, a lacca da jarida. Gwamnatin soja ta ce akwai masu koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. A 1988 aka ɗauki ɗaya daga cikinsu, Patrick Wilmot, aka sa shi a jirgi aka fitar da shi daga ƙasar, shekarar da ta biyo aka sallami Bala, sai kotu ce ta mayar da shi. Alhamdu lillahi, yanzu ba a buƙatar jirgi. Yawan ɗalibai da ƙarancin albashi sun isa su sa kowa ya tsaya a kan abin da aka biya shi.

Masu cewa babu aikin yi bayan kammalawa ba su leƙa Facebook ba. Bayan bautar ƙasa akwai aikin zaɓe na wucin gadi. An yi N-Power tun 2016, naira 30,000 a wata. Sama da duka akwai muƙamin mataimaki na musamman, ko na mataimakin mataimaki. Wanda ya yi shekaru yana nazarin rabon iko tsakanin majalisa da ɓangaren zartarwa da kotu, ai shi ya fi cancanta ya rubuta wa mai gida saƙon barka da Juma'a, ya ɗora hotonsa yana duba kwalbati, ya zagi ɗan ajinsu da ke yi wa ɗaya ɓangaren irin wannan hidima, da daddare a turo masa na data. A da sojojin baka da ka suke yi. Yanzu akwai masu digiri a cikinsu, zagin ma har da ambaton Aristotle.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata barazana ce da nake hange. A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da sabuwar manhaja, ta riƙe kashi 70, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Ta wannan ƙofa ɓarna za ta iya shigowa. Wani mai zafin kai yana iya tashi ya ce kada a ba yaro digiri sai ya je sakatariyar garinsu ya nemi kwafin kasafin bana, ya zaɓi rijiyar burtsatse ɗaya a ciki, ya bi ta da ƙafa har inda aka ce an haƙa, ya ɗebo ruwanta a gora ya kawo wa malaminsa. Ko a ce ya halarci zaman kansiloli ya kawo abin da aka tattauna. Ko ya yi mako guda a Girkau ko Ungushi ko Margai yana ƙirga yaran da ke aji da malaman da suka zo. Ku dubi abin da zai biyo baya. Wasu za su dawo da gora ba ruwa, wasu su shekara suna neman ranar zaman kansiloli, waɗanda suka kammala su fito da tambaya a baki, iyayensu su koya a wurinsu, a wayi gari ciyaman ba ya iya zuwa ɗaurin aure a garinsu ya ci shinkafa cikin natsuwa.

Saboda haka ina roƙon shugabannin sassa da majalisun jami'o'inmu, don girman Allah, su cike kashi 30 ɗin nan da ƙarin tarihin Girkawa da tsarin majalisar Ingila. 'Yan majalisar jiha kuma, in maganar rijiyar nan ta iso gabanku, ku miƙa ta ga kwamiti.